Kafaɗar Maharazu

Asabar, 5 ga Oktoba, ƙarfe 2:00 na rana

Yau na fara ajin zane. Shekara shida ina ɗinka abaya a wani shago a kasuwar Naif, nan ƙasar Larabawa, ina auna mata da tef, amma ko sau ɗaya ban taɓa zana mutum ya fito kamar mutum ba. In kwastoma ta ce in nuna mata samfuri a takarda, sai in zana mata abin da ya fi kama da ƙararrawa mai kai. Maigidana, Maharazu, shi ya samo mini ajin a unguwar Al Quoz, ya rubuta sunana bai faɗa mini ba. Wai ya gaji da ganin ƙararrawa a kan teburin abinci.

Mu goma sha ɗaya ne. Malaminmu tsoho ne ɗan Iraƙi, Ustaz Abdul-Wahid. Yana da ƙwarangwal ɗin roba a kusurwa, ya ɗaura masa ɗankwali wai don kada ya ji kunyarmu. Ya ce kafin mu zana riga sai mun san abin da rigar ke rataye a kai. Ya sa kowa ya taɓa ƙashin da ke ƙasan wuyansa, ya bi shi da yatsa har kafaɗa. Ni da kullum nake ɗinka kafaɗa, ban san ƙashin nan lanƙwasa yake yi ba.

Wadda ke kusa da ni 'yar Ghana ce, Hamidatu, tana karɓar baƙi a wani otel a Deira. Gawayin da nake zane da shi ya karye na yi salati da ƙarfi, sai ta juyo ta ce, "Ei! Kai Bahaushe ne?" Hausarsu ta Zongo ba ta raba mace da namiji. Na ce mata eh, ni Bahaushe ne. Muka yi ta dariya har Ustaz ya ce khalas, wato ya isa.

Lahadi, 6 ga Oktoba, ƙarfe 10:30 na safe

Aikin gida: hannu ashirin. Na kama na Malam tunda kyauta ne. (Haka nake kiran Maharazu, Malam. A takarda kaɗai nake iya rubuta sunan.)

Hannun mai ɗaure kaya ne. Shekara takwas yana naɗe katan da salatif a kamfanin kago, masu jigilar kaya, yana ɗorawa a mota. Tafin duk kanta, ɗan yatsan hagu kuma ya karkace tun yana yaro. Ban taɓa zama na kalle shi haka ba. Ya ce, "Bilqis, in kin gama za ki dawo mini da shi ko?"

Yatsun sun fito kamar ayaba. Ya ce ayabar ma ta Kudu, mai kyau.

Da hagu ya riƙe kofin shayi. Na ce ya mayar dama in zana, ya ce kofin ya yi zafi.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan Magariba

Inna ta kira daga Kano. Na yi kuskure na ba ta labarin ajin. Ta ce, "Zanen mutum, Bilkisu? Da ido da komai?" Na ce don sana'a ne, Inna. Ta ce to a dai riƙa istigfari. Can ta tambaya ko zan iya zana ta, amma in rage mata kumatu.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe 3:15 na yamma

Yau da mutum muka yi. Wani ɗan Nepal aka kawo, ya zauna a kujera da singileti da gajeren wando, ya ba mu baya. Da farko na kasa ɗaga kai. Hamidatu ta zungure ni, ta ce, "Chale, ka kalla mana, an biya shi." (Chale suke ce wa aboki a can.) Bayan minti goma na manta mutum ne, sai layi da inuwa nake gani.

Darasin baya ne. Ustaz ya nuna mana allon kafaɗa, yadda yake zamewa a kan haƙarƙari in an ɗaga hannu, da tsokar da ta kwanta a samansa ta cike wurin. Ya ce dama da hagu ba sa zama daidai cif, amma bambancin kaɗan ne. In zanenka ya nuna bambanci mai yawa, ka sake awo. Yana miƙa fensir a gabansa, ya rufe ido ɗaya, ya auna da babban yatsa. Shwayya shwayya, in ji shi, wato a hankali a hankali. Kalli sau uku, zana sau ɗaya.

Na dawo a jirgin ƙasa na metro ina auna bayan mutane da ido. Allah ya yafe mini.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe 5:00 na yamma

Na sa Malam ya cire riga ya ba ni baya, yana kallon ƙwallo a waya.

Sau uku na goge kafaɗar dama. Kowane karo sai ta fito da rami a saman allon, wurin da Ustaz ya ce tsoka ke cikewa. Ta hagun cike take. Na ce hannuna ne bai iya ba. Na rufe ido ɗaya na auna da fensir. Na matsar da fitila. Ramin yana nan.

Na ɗauko tef ɗin aikina na zagaya damtsensa. Hagu talatin da huɗu. Dama talatin da ɗaya. Mutumin da yake komai da dama.

Ya ce, "Riga za a ɗinka mini?"

Na ce, "Malam, hannun nan lafiya?"

Ya ce gajiya ce kawai. Ya mayar da rigarsa, ya daɗe a kan maɓallin sama.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe 1:00 na rana

Na ɗinka hannun abaya a bai-bai. Ban taɓa yi ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe 7:00 na safe

Da hagu yake goge baki. Da hagu ya juya makulli. Tun yaushe? Ina nake?

Gajiya ce kawai.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe 2:30 na rana

Na jira kowa ya fita, na nuna wa Ustaz zanen. Ina fata ya ce na yi kuskure. Kuma ya fara faɗa, har ya ɗauki gawayi zai gyara. Sai ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya tambaye ni ko na auna. Na ce sau uku, har da tef.

Ya ce, "Wane ne?"

Na ce mijina.

Ya ajiye gawayin. Ya ce, "Binti, zanenki daidai ne. Ni ba likita ba ne, amma shekara arba'in ina kallon bayan mutane. Kai shi asibiti cikin makon nan."

Karo na farko da ya yabi zanena ke nan.

Asabar, ƙarfe 8:00 na yamma

Mun yi faɗa. A hankali muka yi shi, don bangon ɗakinmu na unguwar Hor Al Anz katako ne, maƙwabta na jin ko tari.

Wata biyu ke nan, in ji shi. Da farko kamar kiyashi na bin yatsunsa. Sai katan ya fara suɓuce masa. Abokin aikinsa Zailani ke rufa masa asiri, yana ɗaukar masu nauyin. Zailani ya sani tun wata biyu. Ni da nake kwana kusa da hannun ban sani ba.

Na ce me ya sa. Ya ce, "In kamfani suka ji, me za su yi da mai ɗaure kaya marar hannu? Bizata a hannunsu take, Bilqis."

Na ce ni ba kamfani ba ce.

Na zuba masa tuwo, ya ci da cokali, da hagu, yana zubarwa. Na yi kamar ban gani ba. Shi ma ya yi kamar bai ga na gani ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe 4:40 na yamma

Asibiti. Likitar ta sa ya matse mata yatsu, ta sa ya tura hannunta. Aka soka masa 'yan allurai a damtse, na'ura tana ƙara kamar ana soya ƙwai. Yana ta yi wa ma'aikaciyar barkwanci da Larabcinsa na kasuwa.

Na nuna wa likitar zanen don ta ga wurin. Ta tambaya ko ni ma'aikaciyar jinya ce. Malam ya ce, "Tela ce, amma ta fi ku gani."

Ta ce abu biyu ne zai iya zama. Na farko jijiya ce ta matse a wuya, ana yi masa aiki. Na biyun ta faɗi sunansa da sauri tana kallon takarda. Ba zan rubuta shi a nan ba. Sai an ɗauki hoton cikin wuyan ranar Talata.

Mun hau abra, ɗan jirgin ruwan fito, muka tsallaka ruwa, alhali ba hanyarmu ba ce. Shi ya ce mu hau. Ya ɗora hannun daman a cinyata, ya bar shi nan har muka isa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe 12:20 na rana

Na nemi na biyun a waya. Da ban nema ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe 3:00 na yamma

Ya dawo daga masallaci da rumman guda biyu, ya ce in ɓare masa. Ya san ba na son ɓare rumman. Na ɓare.

Inna ta kira. Lafiya lau, Inna. Aiki lafiya. Malam lafiya lau, yana gaishe ki.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

Ban je aji ba. Da la'asar sai ga Hamidatu a ƙofa da kular shinkafa da wake irin tasu, da yajinsu baƙi mai sa hawaye. Ban faɗa mata komai ba, Ustaz ma na san bai faɗa ba. Ta kalle ni kawai ta ce, "Ka rame."

Ta kawo mini aikin gida. Wuya aka yi yau. Ta buɗe littafinta ta nuna mini ƙasusuwa bakwai a jere, ta ce Ustaz ya ce ta tsakaninsu jijiyoyin hannu ke fitowa. Na daɗe ina kallon shafin. Ƙananan ƙasusuwa, kowanne bai fi maɓallin kwat ba.

Malam ya ci faranti biyu yana share hanci. Ya ce wa Hamidatu in ya warke zai kai ƙararta. Shi ne karo na farko da na ji ya ce "in na warke" a gaban wani.

Na zana wuyan ƙwarangwal daga littafinta sau shida. Ya fi zama haka nan.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe 11:00 na safe

Yana cikin na'urar ɗaukar hoton wuyan. Minti arba'in, suka ce. Ina zana ƙafar wata tsohuwa da ke zaune gabana. Ta gane, ta gyara zama.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe 6:10 na yamma

Na farkon ne.

Na farkon ne, matsewar jijiya, alhamdulillahi. Na farkon ne.

Na zauna a dandaɓen asibitin na yi kuka, wata Bafilifina mai shara ta ba ni ruwa. Likitar ta nuna mana a hoto, tsakanin ƙashi na biyar da na shida. Na ƙirga da kaina daga sama, na same shi kafin ta kai yatsa. Ta ce aiki za a yi, kuma kada a ja lokaci, don abin da ya tafi ba lallai ya dawo duka ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, ƙarfe 4:00 na yamma

Ya ce sai bayan Janairu. Wai yanzu lokacin kaya ne, 'yan kasuwar gida sun cika Naif, ba zai je wa manaja da maganar hutun wata biyu ba. Wai ai ba ciwo yake ji sosai ba. Wai ni ce nake ƙara abin, don na koyi sunan ƙasusuwa.

Na ce, "Malam, ka taɓa ganin bayanka?"

Ya ce ba ya da ido a ƙeya.

Na so in jefa masa takalmi. Na goge masa rigar gobe.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 4:45 na yamma

Bari in rubuta wannan a tsanake.

Ya raka ni aji don ya wanke kansa, wai zai jira a waje mu wuce cin abinci. Ɗan Nepal ɗin bai zo ba, an canza masa lokacin aiki. Ustaz ya leƙa waje ya ga Malam a benci. Na ga lokacin da ya gane ko wane ne. Ya fita ya gaishe shi kamar sun san juna, ya ce, "Habibi, ka taimaki tsoho. Awa ɗaya kawai, zama ne."

Na yi zaton zai ƙi. Sai ga shi ya shigo yana murmushi, ya gaida ƙwarangwal, ya cire riga ya bar singileti, ya ba mu baya. Hamidatu ta raɗa mini, "Mijinka ya iya zama, wallahi." Na ce ta kalli takardarta.

Ustaz ya ce abu ɗaya: kada kowa ya gyara komai, a zana abin da ke nan.

Ajin ya yi tsit, sai ƙarar gawayi. Na ga wata 'yar Lebanon ta goge kafaɗar dama, ta sake, ta goge. Na ga Hamidatu ta rufe ido ɗaya ta auna, ta juyo ta kalle ni, ta mayar da kai. Ni kam ban zana kafaɗar ba. Ƙeyarsa na zana, da wurin da wanzami ya karkace masa aski, da kunnensa da haske ya ratsa ya yi ja.

Da aka gama, aka jera zanen a bango kamar kullum. Ya tashi yana miƙa, ya zo yana dariya zai ga kansa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya yi masa ƙaton kai, wani ya ba shi ƙugun mace. Amma duk goman, mutanen da ba su san shi ba, sun sa ramin a wuri ɗaya.

Dariyar ta tsaya a na huɗu. Ya kai hannun hagu ta baya ya laluba wurin. Ya ce da Hausa, a hankali, "Haka nake?"

Na ce haka kake.

Ya tsaya a gaban nawa. Ya ce, "Ke kuma ina kafaɗar?" Na ce ni na riga na gama da ita.

Ya kasa sa maɓallin sama. Ustaz ya matso ya sa masa, kamar ɗansa, ya daidaita masa kwala.

A tashar metro ya ce, "Litinin zan ga manaja."

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan Magariba

Ya gan shi. Zailani ya raka shi har ƙofar ofis. Manajan ya ce a yi aikin tukuna, sauran magana sai ya dawo. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Malam ya ce wataƙila a mayar da shi teburin rubuta adireshi. Wataƙila.

Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Da ma na ji muryarki." Ta ce za ta sa a yi sauka.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, ƙarfe 5:00 na yamma

Gobe ne aikin. Na haɗa jakar asibiti. Na kwance. Na sake haɗawa.

Litinin, 11 ga Nuwamba, ƙarfe 9:05 na safe

Sun shiga da shi ɗakin tiyata. Ya ce in ce wa likitan ya yi ɗinki mai kyau, matarsa za ta duba.

Litinin, ƙarfe 1:30 na rana

Ya fito. Ya buɗe ido ya ce yana jin yunwa. Na duba ɗinkin ta gefen bandeji. Ba laifi.

Asabar, 16 ga Nuwamba, ƙarfe 2:15 na rana

Yana gida da abin wuya mai tauri, yana juyowa gaba ɗaya kamar fankar tsaye. Shi ya kore ni zuwa aji. Fuska muka fara. Ustaz bai tambaye ni komai ba sai da na zo fita, ya ɗaga gira. Na ce alhamdulillahi. Ya buga tebur sau biyu da tafi.

Kiyashin yatsun ya ragu, in ji Malam. Ƙarfin bai dawo ba. Likita ta ce watanni, kuma ba ta yi alkawari ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, ƙarfe 3:40 na yamma

Matar da ke yi masa gashin hannu a asibiti ta ce ya riƙa riƙe fensir kullum, ya yi ta jan layi. Kwana uku yana yi yana tsaki. Yau na ɗora shinkafa, na fito in ɗauki murfi, na same shi ya buɗe littafin zanena a sabon shafi. Ya nuna mini kujera da haɓa.

Na ce ina da girki a wuta.

Ya ce, "Zauna, Hajiya. Juyo ta taga."

Na zauna. Fensirin yana rawa a hannunsa, ya suɓuce sau biyu. Na yunƙura zan ɗauko masa, ya ce in na tashi zai ɓata mini hanci. Ya ɗauka da kansa, da dama.

Ban san haka ake ji ba. Yana kallona ya daɗe, ya sunkuya, ya sake ɗagowa. Ya kalli goshina, ya kalli gefen bakina. Shekara tara da aure, na rasa inda zan sa idona.

Ƙauri ya fara shigowa daga kicin. Ya shaƙa, na shaƙa.

Ya ce, "Saura kunne ɗaya."

Na ce to, yi a hankali.